Abin da Ya Sa Ake Ce Mata Laraba

Na gaji da jin ƙarya a kan sunan motarmu, shi ya sa yau na zauna zan faɗi yadda aka yi. Wani direba ya taɓa rantse mini, bai san ko ni wace ce ba, wai Laraba sunan wata budurwa ce da ta yaudari mai kamfanin. Wata mai kayan miya da ke loda kwandunanta a bayan motar ta ce a'a, sunan kakarsa ne, ita ta ma san gidan. Har a jarida na ga an rubuta wai ranar Laraba aka sayar da ta farko. Ranar Asabar aka sayar da ita, ni na miƙa makullin da hannuna.

Garejin Babanmu ne asalin komai. Fili ne mai cin mota takwas in an matsa, da rami guda na shiga ƙarƙashin mota, da ɗan ofis mai tebur ɗaya, da wata rumfa can baya inda ake jibge tsofaffin tayoyi da ƙarafan da Baba ya ce wata rana za su yi amfani. Mu huɗu ne a ciki: Baba, da Yayana, da ni Auta, da mai waldarmu da kowa ke kira Tartsatsi, wanda ya girmi Yaya amma har gobe bai san magana a hankali ba. Mahaifiyarmu ta rasu tun ina firamare, don haka a garejin nan na tashi, ina iya bambance sifana goma da sha biyu kafin in iya ɗaura ɗankwali.

Baba yana da doka ɗaya da ba a ja masa a kanta. “Mu masu gyara ne, ba masu ƙira ba.” Kuma yana da dalilinsa. Kafin a haife ni ya yi shekara uku yana haɗa mota da hannunsa. Ranar da ya fito da ita duk layin ya taru, ya ɗauki hanya yana ɗaga wa mutane hannu, sai tayar baya ta fice, ta wuce shi a guje, ta shige shagon mai aski. Ba wanda ya ji ciwo, amma an yi shekara goma in za a gaishe shi sai an ƙara da “ya taya?” A makon ya sa wutar walda ya yanka motar gunduwa-gunduwa.

Ni kuwa na je na karanto injiniyanci na dawo da littafi cike da zanen wata ƙaramar mota: siririya yadda za ta shiga lungu, mai tsayi daga ƙasa saboda ramuka, bayanta a buɗe don kaya. Na ajiye wa Baba a tebur. Ya buɗa shafi-shafi har ƙarshe, ya rufe.

“Zane ya yi kyau,” ya ce. “Je ki canza wa farar motar can baƙin mai.”

Abin da nake so a duniya ke nan, Baba ya kalli motar da na ƙera ya ce ta yi. Ba na ɓoyewa, har kuka na yi a cikin ramin nan, baƙin mai na ɗiga mini a goshi.

Ana nan sai ciwon ƙoda ya kama shi. Likita ya ce duk Laraba sai ya je an yi masa wankin ƙoda, ya kwanta awa huɗu jikin na'ura, ga layi kafin a kai kansa. Aka yi masa aiki a hannun hagu, aka hana shi ɗaukar nauyi da shi. Watan farko Yaya ke kai shi, sai Baba ya fara mita.

“Zaman me kake yi, kana kallona ina kallon silin? Motocin mutane na can suna jira.”

Yaya ya so ya yi gardama. Ni ce na yi caraf na ce gaskiyar Baba ce, ga mai tasi nan maƙwabcinmu, mutum ne mai amana, ya kai shi ya ɗauko shi. A lokacin na riga na yi lissafina: daga bakwai da rabi na safe zuwa uku na yamma, gareji ba Baba. Rumfar baya kuma ya daina shigarta tun da aka hana shi ɗaga ƙarfe.

Na tara Yaya da Tartsatsi na ce mu ƙera motar littafina a ɓoye a rumfar nan. Tartsatsi ko gama bayani ban yi ba ya fara naɗe hannun riga. Yaya ne ya tsaya jan aji.

“Auta, in Baba ya gane, ni ba ruwana. Zan ce ban san ku ba.”

“To riƙe mini bakin awon nan tukuna, sai ka ci gaba da rashin saninmu.”

Ya riƙe. Bayan wata biyu shi ne ke zuwa da tsohon injin da ya samo wurin masu kayan gwangwan, yana lallaɓa shi kamar jariri.

Wanda bai ga garejinmu ranar Laraba ba bai ga aiki ba. Tasi na shan kwana, Tartsatsi ya banko ƙofa, mu yaye tamfol, mu ture tayoyin da muka gina mata katanga da su. Duk mai motar da ya zo sai Yaya ya dube shi da fuskar tausayi ya ce matsalar nan tana son natsuwa, a dawo gobe. Walda na feshi, guduma na amsawa, ni ina ƙasa ina sama da littafina a baki. Abinci ma a tsaye muke ci, wani lokaci mu manta da shi sam. Ƙarfe biyu da rabi na yi sai gudu ya tashi. Baba yana da allo a bango wanda ya zana siffar kowane kayan aiki da jan fenti, kuma duk gajiyar da ya kwaso, in ya shigo allon nan yake fara kallo. Sai mun mayar da komai gurbinsa, mun share garin ƙarfe, mun rufe tamfol, sannan kowa ya kama wata mota ya yi kamar tun safe yake kanta. Akwai ranar da sifana sha uku ta maƙale a cikin injin, Tartsatsi ya tsaya jikin allon ya rufe gurbinta da bayansa, yana ta gaida Baba da jiki har sau biyar.

A tsakaninmu ba ma cewa mota. “Aikin Laraba” muke cewa, ko a gaban Baba, ya ɗauka wani kwastoma ne mai naci. Ni kuwa mako ya zame mini kwana shida na jira da kwana ɗaya na rayuwa. Tun yammacin Talata zan goge wa Baba kaya, in haɗa masa jakarsa, in sa katinsa a aljihun gaba, in kira mai tasi in tuna masa. Da safe ina tsaye a kansa.

“Baba, bakwai ta wuce fa. Kada ka rasa layi.”

Shekara biyu muka yi a haka.

Sai aka yi sanarwar baje kolin abubuwan da aka ƙera a gida. Duk mai abin hawa sai ya cike fam, a zo a gwada kafin a bar shi ya shiga, kuma Juma'a za a rufe karɓa. Na cike komai, tsawo da faɗi da nauyi, ya rage layi biyu: sunan mota, da sa hannun wanda gareji ke da rajista da sunansa. Wato Baba. In bai sa hannu ba, motar nan za ta ƙare a ƙarƙashin tamfol, ko ma ta bi sawun tasa.

Suna kuma ya zama rigima. Yaya ya zo da wasu sunaye masu kama da na maganin tari, wai sai suna ya yi kama da na waje mutane ke saye. Tartsatsi ya dage a kan Damisa.

“Damisar da ba ta wuce gudun saba'in?” in ji Yaya.

“Ai ba kullum damisa ke gudu ba. Wani lokaci tafiyar ƙasaita take.”

Na ce a bar layin haka nan. Muka shirya ranar Laraba mu gwada ta a fili, Alhamis in durƙusa gaban Baba in faɗa masa komai, abin da zai faru ya faru.

Larabar nan ko karyawa ban yi ba. Tasi na tafiya muka turo ta daga rumfa, karo na farko da rana ta taɓa ta. Koriya ce, don koren fenti ne ya rage mana, ƙofar dama ta ɗan fi ta hagu duhu. A idona babu abin da ya kai ta kyau. Na shiga, na yi bismilla, na murɗa makulli. Ta yi tari ta mutu. Na sake, ta sake. Yaya ya buɗe gaba ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce in ƙara. A na uku ta kama, ta yi wata irin rawar jiki, sannan sautin ya daidaita, ya zauna sumul.

Na taka kuloci na sa giya, ta motsa. Wallahi ta motsa. Na zagaya ramin, na bi ta tsakanin motocin mutane, na sake zagayowa. Tartsatsi na bina a guje yana kaɗa murfin tukunyar abincinsa, Yaya, wanda bai san mu ba, ya haye baya ya miƙe tsaye yana ihu kamar ya ci zaɓe. Ina dariya ina hawaye, ina danna ham ba dalili. A zagaye na huɗu na ɗago kai, sai ga Baba a bakin ƙofa, jakarsa a hannun dama, mai tasi a bayansa. Ƙarfe goma sha ɗaya ko cika ba ta yi ba.

Na taka birki, Yaya ya kifo kan rufin. Murfin tukunya ya suɓuce ya yi ta juyi a ƙasa, duk muna jinsa har ya kwanta.

“Na'urar ce ta tsaya,” in ji mai tasi, don shi kaɗai ke da bakin magana. “An ce ya koma ƙarfe biyu.”

Baba bai kalli kowa ba. Ya ajiye jaka, ya zagaya motar a hankali, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya leƙa ƙasa. Ya miƙa hannu gefe, Tartsatsi ya san nufinsa, ya ɗora masa doguwar sukudireba. Ya kafa bakinta a jikin injin, ya manna kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido. Ya daɗe a haka kafin ya miƙe.

“Matsa can,” ya ce mini.

Na koma kujerar gefe. Ya shiga ya gyara zama, ya ɗora hannun hagu a cinya, ya kama sitiyari da dama.

“Hannu ɗaya gare ni. Ke za ki riƙa sa giya. In na ce, ki sa. Ɗaya.”

Muka fita titi.

“Biyu.”

Na sa. Layinmu ya fara wucewa, masu shaguna na miƙewa suna leƙe.

“Uku. Sitiyarin nan na ja hagu, rubuta.”

Ba takarda, na zaro biro na rubuta a tafin hannuna.

“Salansa na kaɗawa. Madubin nan wa ya sa shi, don ya ga sama? Kujera ta yi tauri, mai ciwon baya zai tsine miki. Huɗu.”

“Baba, akwai rami gaba.”

“Na gan shi. Shi nake nema.”

Ya faɗa ramin nan da gangan, muka yi sama muka dawo, motar ta wuce abinta ko gezau. Ya nemi wani ramin, ya ƙara da wani. Tafin hannuna ya cika, na koma rubutu a damtse. Can na saci kallonsa, sai na ga mutumin nan dariya yake, irin wadda rabon da in gani tun kafin ciwo, hula ta karkace, iska na kaɗa masa riga. Da muka zo daidai shagon askin, wanda yanzu ɗan mai askin ke riƙe da shi, Baba ya kwanta a kan ham bai ɗaga ba sai da muka wuce layin gaba ɗaya.

Sai da muka fita bayan gari ya gangara gefen hanya, ƙarƙashin wata bishiya, ya kashe. Ya fita, ya durƙusa da ƙyar wajen tayar baya, ya bi notinan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya jijjiga tayar. Ya zagaya ɗaya gefen ya yi haka.

“Wa ya ɗaure tayoyin nan?”

“Ni ce, Baba.”

“Sun ɗauru.”

Wanda bai san Baba ba zai ce kalma biyu ce. Ni kuwa ji na yi kamar in kwanta a titin in yi birgima. Na fara zuba kamar an kunna rediyo, ina ba shi labarin injin, da baje koli, da fam, da yadda muka yi da sifana sha uku. Yana jingine da motar yana murmushi yana gyaɗa kai.

“Amma kun iya ɓoyo,” ya ce. “Tun yaushe?”

“Shekara biyu.”

“Shekara biyu ina cikin garejin? Da wane lokaci?”

“Ai ba ka nan, Baba. Duk ranar Laraba ne, da ka fita sai mu…”

Ban ƙarasa ba, don na ga murmushin ya tsaya. Ya dubi hannunsa na hagu, wurin da allura ta yi ta shiga har fatar ta yi kumburi ta yi baƙi.

“Shi ya sa kike goge mini kaya tun Talata,” ya ce a hankali.

Na sunkuyar da kai.

“Akwai wani tsoho da gadonsa ke kusa da nawa. 'Ya'yansa ke kawo shi, amma kullum a makare, kullum yana faɗa. Ni kuwa sai in ce masa, ni Autata ko sau ɗaya ba ta taɓa bari na makara ba. Har ya gaji da jin labarinki.”

Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na tuna yadda nake tashi ranar Laraba da waƙa a bakina, ranar da shi yake tashi jiki a sanyaye. Sau ɗari da wani abu ya fita da jakar nan, ban taɓa tambayarsa ko akwai sanyi a ɗakin ba.

“Baba, ka yafe mini.”

“Shiga mu koma,” ya ce. “Ɗaya.”

Muka tarar da Yaya da Tartsatsi a bakin titi sun yi tsuru-tsuru, mai tasi na zaune kan motarsa yana jiran biyu ta yi. Baba ya wuce ofis kai tsaye.

“Ina takardar?”

Na miƙa masa. Ya sa tabarau ya karanta tun daga sama, ya gyara mini nauyin motar, wai na rage kilo ashirin, kuma daga baya da aka auna shi ne da gaskiya. Ya sa hannu. Tartsatsi ya daka tsalle har kansa ya bugi fanka, Yaya ya rungume ni yana cewa shi dama tun farko ya san za a yi. Baba bai ajiye biron ba.

“Nan kuma ba ku cike ba.”

Yaya ya gyara murya ya fara jero sunayen maganin tarinsa. Tartsatsi ya ce Maigida, Damisa dai. Baba ya bar su suka gama, sannan ya duƙa ya rubuta da manyan baƙaƙe, yana danna biro kamar zai huda takardar. Ya juyo mana da ita: LARABA.

“Baba, mota kuma da sunan rana?” in ji Yaya. “Mutane za su yi ta tambaya.”

“Su tambaya. Ku kuna da Larabarku, ni ina da tawa, duk a cikinsu aka ƙera ta. Ba na so a manta ko ɗaya.”



Biyu saura kwata mai tasi ya leƙo ya ce lokaci ya yi. Na riga Baba ɗaukar jakar, na ce wa mai tasi ya je abinsa, mun gode. Baba ya zagaya ya zauna a kujerar gefe, wadda ya ce ta yi tauri. Har bakin asibiti yana ƙara mini laifuffukan motar, ni kuma ba sauran wuri a hannuna.

Na faka, na buɗe masa ƙofa, na wuce gaba da sauri ina riƙe da jaka kamar wadda ta saba. Muna shiga baranda ta rabu uku. Na tsaya ina karanta allunan bango, ina duba dama ina duba hagu, mutane na ratsa ni suna wucewa. Baba ya iso a hankali, ya tsaya kusa da ni ya ɗan jira, sannan ya kama hannuna mai rubutun biro.

“Nan ne, Auta,” ya ce. “Biyo ni.”